Muƙabalar Barcelona: Almasihu Ya Zo, Ko Yana Tafe?



Idan ka shiga gidan kallon ƙwallo a Kano ko Maraɗi ka ambaci Barcelona, kafin ka rufe baki gardama ta kaure. To ni ma gardamar Barcelona na kawo muku yau, amma tawa ta girmi ƙwallon ƙafa nesa ba kusa ba. An yi ta ne fiye da shekara 760 da suka wuce, a fadar sarki, tsakanin wani dattijon malamin Yahudawa da wani mai wa'azin Kirista. Tambayar da aka ɗora a faifai ita ce: Almasihun da annabawa suka yi alkawari, ya riga ya zo, ko kuwa har yanzu yana tafe?

Tun daga farko bari in wanke kaina. Ban zo raba gardama ba, don wadda ta gagari malamai shekara kusan dubu biyu ba za ta mutu a bakin ma'aikacin rediyo ba. Na zo ne mu ji hujjar kowane ɓangare yadda masu ita suke faɗinta, tunda waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, sannan mu duba abin da ke faruwa idan aka yi muƙabala alhali alƙali yana da nasa ɓangaren.

Mu fara da kalmar kanta. Da Ibrananci ana cewa Mashiyah, ma'anarta wanda aka shafe da mai. A Isra'ila ta dā, idan za a naɗa sarki ko babban firist, mai ake zuba masa a ka, kamar yadda mu muke naɗa rawani. Haka Annabi Sama'ila ya yi wa Dawuda. Har wani sarkin Farisa, Sairus, wanda ba Bayahude ba ne, littafin Ishaya ya kira shi da wannan laƙabi, saboda shi ya bar Yahudawa suka koma gida daga zaman bauta a Babila. Da aka juya kalmar zuwa Girkanci sai ta zama Kiristos, daga nan aka samo Kirista. Ke nan sunan addinin kansa amsa ce ga tambayar tamu, duk wanda ya ce shi Kirista ne ya riga ya ce Almasihu ya zo. Balarabe ya ce Almasihu, Bahaushe ya ara daga gare shi, yau kuma kalmar tana bakin liman a masallaci tana bakin fasto a coci.

To mene ne Yahudawa suke jira? Wanda ya fi kowa tsara amsar shi ne Musa ɗan Maimun, wanda Larabawa ke kira Ibn Maimun, haifaffen Kurɗuba a Andalus, likita kuma malami, wanda ya rasu a Masar a 1204. A babban littafinsa na shari'a ya jera alamomin dalla-dalla. Sarki ne daga zuriyar Dawuda, ɗan Adam kamar kowa, masanin Attaura mai aiki da ita. Zai mayar da jama'arsa kan tafarkin shari'a, ya yi nasara a kan masu zaluntarsu, ya sake gina Haikali a mazauninsa a Urushalima, wato birnin Ƙudus, ya kuma tattaro Yahudawan da suka warwatsu a duniya. Ibn Maimun ya ce ba a ma buƙatar ya nuna mu'ujiza ko ya ta da matattu. Aiki ne shaidarsa. Idan ya mutu ko aka kashe shi bai kammala ba, to ba shi ne wanda aka yi alkawari ba. A taƙaice, ceto a wurin Bayahude abu ne da ido zai gani a kasuwa da fada da filin daga. Gani ya kori ji.

Kirista kuma fa? Mu tuna cewa almajiran Yesu na farko duk Yahudawa ne, kuma su ma irin wannan sarki suke jira. Linjilar Luka ta ba da labarin mutum biyu cikinsu suna tafe a hanya bayan gicciye, jiki a sanyaye, suna cewa da sun sa rai shi ne zai fanshi Isra'ila. Abin da ya juya tunaninsu shi ne imanin da suka yi cewa ya tashi daga matattu. Daga nan suka koma suka sake karanta littattafan annabawa da sabon ido, suka ce ashe babbar bautar da ɗan Adam ke ciki ta zunubi da mutuwa ce, ta fi ta Rumawa tsanani, kuma daga ita aka fara 'yanta shi. Sauran alkawuran, na zaman lafiya da adalci a duniya baki ɗaya, suka ce za su cika idan ya dawo. Wato zuwa biyu ne, na farko cikin ƙasƙantar da kai da shan wuya, na biyu cikin ɗaukaka. Tun a ƙarni na biyu wani malamin Kirista mai suna Jastin ya rubuta wannan hujja cikin wata doguwar tattaunawa da wani Bayahude mai suna Tirifo. Shi kansa Bulus bai ɓoye ba, ya ce wa'azin Almasihun da aka gicciye abin tuntuɓe ne ga Yahudawa.

Kun ga inda gizo ke saƙar. Littafi ɗaya ne a hannunsu, abin da Kirista ke kira Tsohon Alkawari shi ne Bayahude ke kira Tanak. Kowa ya karanta, kowa ya haddace. A tafsiri aka rabu.

To yanzu mu shiga fada. Ranar Juma'a ce, 20 ga watan Yuli na 1263. Sarki Jaime na Ɗaya, sarkin Aragon a ƙasar da yau muke kira Sifaniya, yana zaune da fadawansa da manyan malaman coci. Mai gabatar da hujjar Kirista shi ne Pablo Kiristiyani. Bayahude ne haifaffe, ya yi karatun Yahudawa, daga baya ya karɓi addinin Kirista ya shiga ƙungiyar 'yan wa'azi ta Dominikan. Ya san ciki da wajen gidan da ya baro. Wanda aka kira ya amsa masa kuwa Musa ɗan Nahman ne, malamin garin Girona, likita, mai tafsirin Attaura, yana dab da shekara 70. Ba shi ya nemi muƙabalar ba, umurnin sarki ne ya kawo shi. Kuma ya san abin da ya faru a Faris shekara 23 kafin nan, inda aka gurfanar da littafin Talmud na Yahudawa gaban shari'a a 1240, bayan shekara biyu aka tara kwafe-kwafensa, an ruwaito amalanke 24, aka cinna musu wuta.

Dattijon yana tsakanin gaba kura baya siyaki. In ya sassauta, a ce an kayar da shi, raunanan jama'arsa su karaya. In ya tsananta, a ce ya zagi addinin sarki. Don haka abu na farko da ya roƙa shi ne a ba shi izinin faɗin abin da ke ransa ba tare da tsoro ba. Sarki ya ba shi.

Pablo ya zo da sabuwar dabara. Magabatansa da ayoyin annabawa kaɗai suke kafa hujja. Shi kuwa ya ce daga cikin littattafan malaman Yahudawa kansu zai nuna cewa Almasihu ya riga ya zo. Cikin abin da ya jawo har da wani labari da manomanmu za su ji daɗinsa. Wai wani Bayahude yana huɗa da garmar shanu, sai sansa ya yi kuka. Wani Balarabe mai wucewa, wanda ya san kukan dabbobi, ya ce masa ya kwance garmarsa, don yanzun nan aka rushe Haikalinsu. Can sai san ya sake kuka, Balaraben ya ce ya mayar da garmar, don yanzun nan aka haifi mai cetonsu. Pablo ya juya ga jama'a ya ce to kun ji, Rumawa sun rushe Haikali tun shekara ta 70, ga kuma littafinku da kansa yana cewa a ranar aka haifi Almasihu. Wa kuke jira kuma?

Dattijo ya ba da amsa hawa-hawa. Da fari ya ce littattafansu kashi uku ne. Akwai Littafi Mai Tsarki, wanda dole a gaskata shi. Akwai Talmud, mai bayanin hukunce-hukunce. Akwai kuma labaran wa'azi, irin waɗanda mai huɗuba kan kawo don jan hankali, wanda ya yarda da su ya yi daidai, wanda bai yarda ba babu laifi a kansa. Wannan labarin sa da garma a kashi na uku yake. Sannan ya ce ko da an ɗauke shi yadda yake, ai bai taimaki Pablo ba, tunda an haifi Yesu shekaru da dama kafin a rushe Haikali, har ya bar duniya Haikalin na tsaye. Sai kuma ya kawo misalin da ya fi kama hankali. Ya ce haihuwa daban, zuwa daban. Ranar da aka haifi Annabi Musa ba a ce mai ceto ya zo ba, sai ranar da ya tsaya gaban Fir'auna ya ce a saki jama'arsa. Ya ƙara da tambaya: idan malaman Talmud sun yi imani Yesu ne Almasihu, me ya sa suka rayu suka mutu a kan addinin kakanninsu?

Daga nan ya taɓo hujjar da har yau ita ce gishirin maganar Yahudawa. Annabi Ishaya ya siffanta zamanin Almasihu da cewa za a narkar da makamai a ƙera kayan noma, al'umma ba za ta ƙara koyon yaƙi ba. Dattijon ya ce a duba duniya tun daga zamanin Yesu zuwa ranar, jini bai daina zuba ba. Sai ya dubi sarkin, mayaƙin da ya ci tsibirin Mayorka da birnin Balansiya da takobi, ya ce masa lallai da abin ya yi wa sarki da barade wuya in da a ce an daina koyon yaƙi. Jama'a, a gaban sarki fa, a cikin fadarsa.

Mu yi wa ɗaya ɓangaren adalci, don Kirista yana da amsa. Zai ce mulkin Allah kamar iri ne da aka shuka, yana tsiro a hankali kafin girbi. Zai ce a dubi al'ummai nawa, daga Habasha zuwa Turai, suka watsar da gumaka suka koma bauta wa Allahn Ibrahim ta dalilin Yesu, alhali annabawa sun ce al'ummai za su zo ga hasken Isra'ila. Zai kuma ce su kansu malaman Talmud sun lura annabawa sun kawo hoto iri biyu, Zakariya ya nuna sarki mai tawali'u a kan jaki, Daniyel ya nuna mai zuwa cikin gajimare. Gaskiya ne sun lura. Sai dai su sun warware ta da cewa ya danganta da halin jama'a, in sun cancanta ya zo cikin ɗaukaka, in ba su cancanta ba ya zo a kan jaki. Kirista ya ce zuwa biyu ne na mutum ɗaya, Bayahude ya ce zuwa ɗaya ne mai yiwuwar fuska biyu.

Wani abin mamaki, Musa ɗan Nahman ya gaya wa sarki cewa batun Almasihu ma ba shi ne ƙashin bayan saɓaninsu ba. Ya ce shi a wurinsa bauta wa Allah cikin baƙunci da ƙunci a ƙarƙashin sarkin da ba nasa ba ta fi lada a kan bauta a zamanin da komai ya yi sauƙi. Ainihin inda aka rabu, in ji shi, shi ne cewa Mahaliccin sama da ƙasa ya zama ɗan Adam, an haife shi, an kashe shi. Wannan ne hankalin Bayahude ba ya ɗauka, wannan ɗin ne kuma zuciyar imanin Kirista.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tashar, muna magana ne a kan saɓanin Yahudawa da Kirista game da Almasihu, da muƙabalar da aka yi a Barcelona a 1263. Kafin in gaya muku yadda ta ƙare, bari mu leƙa wurare biyu a littafin Ishaya da aka fi kai ruwa rana a kansu.

Na farko yana sura ta 7. Kimanin shekara 730 kafin haihuwar Annabi Isa, sarakuna biyu, na Suriya da na arewacin Isra'ila, suka haɗa kai za su auka wa Ahaz sarkin Yahuza. Ishaya ya ba shi alama cewa wata mace za ta haifi ɗa a sa masa suna Immanuwel, kuma kafin yaron ya yi wayo an gama da abokan gaban nan. Kalmar da aka yi amfani da ita ga macen da Ibrananci ita ce alma. Yahudawa suka ce ma'anarta matashiyar mace, kuma in da wadda ba ta san namiji ba ake nufi, akwai kalmar betula. Suka ƙara da cewa alamar da aka ba sarkin da yaƙi ke bakin ƙofarsa ba za ta jira shekara 700 ba. Kirista suka ce a dakata. Yahudawan Iskandariya ta Masar ne da kansu suka fassara littafin zuwa Girkanci, fiye da ƙarni guda kafin haihuwar Yesu, kuma kalmar da suka zaɓa, fartenos, ta fi karkata ga wadda ba ta san namiji ba. Da ita Linjilar Matiyu ta yi aiki. Kuma a wurinsu annabci kan cika sau biyu, kusa da nesa. Bahaushe zai gane wannan rikici da sauri, don kalmarmu ta budurwa ma haka take. Wani lokaci shekaru muke nufi da ita, wani lokaci kuma ɗaya ma'anar.

Na biyu yana sura ta 53, inda aka siffanta wani bawan Allah da aka raina, aka ƙuntata masa, ya ɗauki laifin wasu, bai buɗe baki ba. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin wani babban ma'ajin sarauniyar Habasha yana komawa gida cikin keken doki yana karanta wannan wuri, ya tambayi wani mai wa'azin Kirista mai suna Filibus ko annabin kansa yake nufi ko wani. Tambayar mutumin nan na Afirka ita ce har yau ake yi. Kirista ya ce Yesu ne, siffa ta yi daidai da mai ita. Bayahude ya ce a koma surorin da suka gabata, sau da dama an kira al'ummar Isra'ila da sunan bawan Allah ƙarara, don haka jama'ar ce ake nufi, ita da ta sha wuya a hannun al'ummai. Wannan ne tafsirin Rashi, shahararren malamin Faransa da ya rasu a 1105, amma ya girme shi, don tun ƙarni na uku malamin Kirista Orijin ya rubuta cewa Yahudawa sun ba shi wannan amsa. Duk da haka akwai tsofaffin malaman Yahudawa da suka danganta wurin da Almasihu, kuma Pablo bai manta ya tuna wa abokin karawarsa ba.

A 1947 wasu makiyaya Larabawa suka tsinci tsofaffin naɗaɗɗun littattafai cikin tuluna a kogon Kumran, kusa da Tekun Gishiri. A ciki akwai littafin Ishaya cikakke, tsawonsa ya kai mita 7, an rubuta shi tun kafin haihuwar Annabi Isa. Surorin nan biyu suna ciki. Wannan ya nuna babu ɓangaren da ya ƙirƙiro su don ya ci gardama. Littattafan sun kuma nuna cewa mutanen Kumran Almasihu biyu suke jira, ɗaya firist ɗaya sarki, wato ko a wancan zamani ba a taru a kan hoto ɗaya ba.

Jira kuwa yana da tsada. A shekara ta 132 wani jarumi da ake wa laƙabi da Bar Kokba ya yi wa Rumawa tawaye, babban malami Akiba ya ce shi ne. Zuwa 135 an murƙushe su, an kashe shi, an hana Yahudawa shiga Urushalima. A 1665 wani mutumin Izmir ta Turkiyya, Shabbatai Zebi, ya ce shi ne, labari ya bazu daga Yaman har Amsterdam, mutane suka sayar da gidaje suna shirin ƙaura. Shekara na zagayowa aka gurfanar da shi a fadar Sarkin Daular Usmaniyya, aka ba shi zaɓi, ya musulunta ya tsira da ransa, ya bar mabiya da cizon yatsa. Kirista ma sun ɗanɗana tasu. A Amurka dubban mabiyan wani mai wa'azi, William Miller, sun zauna jiran dawowar Yesu ranar 22 ga Oktoba 1844, gari ya waye ba labari.

Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Musulmi ya tsaya ne a wani wuri na uku. Ya yarda Isa ɗan Maryam shi ne Almasihu, an haife shi ba uba, zai kuma dawo, a nan ya yi kusa da Kirista. Bai yarda Allah ne ko ɗan Allah ba, a nan ya yi kusa da Bayahude. Batun gicciye kuwa ya saɓa wa duka biyun. Kuma ƙasar Hausa ta san zafin jiran mai ceto. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sai da ya fito ya ce shi ba Mahadi ba ne. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, jama'a sun bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, aka yi artabu a Burmi, waɗanda suka tsira jikokinsu suna Sudan har yau. A 1906 kuma aka shafe ƙauyen Satiru bayan tawayen masu da'awar Mahadi. Duk inda zalunci ya yi tsanani, kunnen talaka yakan buɗe ga mai cewa ni ne.

To mu koma Barcelona. Zama huɗu aka yi. Kafin na ƙarshe Yahudawan garin suka roƙi malaminsu ya dakata, don sun fara jin ƙanshin fitina, amma sarki ya ce a ci gaba. Wa ya yi nasara? Ya danganta da takardar da ka karanta. Rahoton da 'yan coci suka rubuta da Latinanci ya ce dattijon ya rasa amsa, ya sulale ya bar gari. Wanda shi ya rubuta da Ibrananci ya ce ya tsaya har Asabar ta gaba, sarki da kansa ya zo majami'ar Yahudawa aka yi musu wa'azi, shi kuma ya mayar da martani, washegari sarki ya ba shi dinari 300 ya sallame shi lafiya. Ya ce har sarkin ya yaba masa da cewa bai taɓa ganin wanda ba shi da gaskiya ya kare matsayinsa da kyau haka ba. Taro ɗaya, rahoto biyu, kowanne ya ba nasa nasara. Wanda ya saba ganin yadda ake yanka bidiyon muƙabala a watsa a WhatsApp ba zai yi mamaki ba.

Abin da ba a gardama a kansa shi ne abin da ya biyo baya. Da rubutunsa ya bazu, aka kai ƙararsa cewa ya yi saɓo. Ya ce ai sarki ne ya ba shi izinin magana. Aka ce izinin baki aka ba shi, ban da na alƙalami. Magana ta kai har gaban Fafaroma Kilemen na Huɗu. A 1267, yana da shekara fiye da 70, ya bar iyalinsa da garinsu ya nufi Falasɗinu. Ya tarar da Urushalima kusan kango, Yahudawan cikinta ba su taka kara sun karya ba. Wajen 1270 ya rasu a Falasɗinu, bai sake ganin Girona ba. Bayansa aka yi wata muƙabalar a Tortosa daga 1413 zuwa 1414, zama 69, malaman Yahudawa na tsare nesa da gidajensu wata da watanni, ana yi wa jama'arsu matsin lamba su bar addini. A 1492 aka kori Yahudawa daga Sifaniya gaba ɗaya, da yawansu kuma ƙasashen Musulmi ne suka karɓe su, daga Maroko zuwa Istanbul.

An daɗe kafin iska ta juya. A 1965 babban taron Cocin Katolika a Batikan ya fitar da sanarwar da ta ce ba daidai ba ne a ɗora alhakin mutuwar Yesu a kan Yahudawa baki ɗaya, na da ko na yanzu. A 2001 hukumar nazarin Littafi Mai Tsarki ta Fafaroma ta rubuta cewa jiran da Yahudawa ke yi wa Almasihu ba aikin banza ba ne. Ba su janye imaninsu ba ko da taƙi ɗaya, su ma Yahudawa ba su janye nasu ba. Har yau a daren Idin Ƙetarewa iyalin Bayahude kan cika ƙoƙo guda a ajiye wa Annabi Iliya, a buɗe ƙofa, ko zai shigo da albishir. Har yau Kirista na addu'ar dawowar Ubangijinsa. Abin da ya canza shi ne an sauke takobi daga kan teburin muhawara.

Ga nawa ra'ayin. Shekara 760 sun isa shaida cewa muƙabala ba ta kashe irin wannan saɓani, domin kowane ɓangare da ma'aunin da yake awo da shi. Ɗaya na cewa nuna mini duniyar da ta gyaru, ɗaya na cewa dubi kabarin da ba kowa a ciki. Wanda aka rufe wa baki da ƙarfin sarauta ba a gamsar da shi ba, shiru kawai ya yi. Kuma mai imanin da ya tabbata da abin da ke hannunsa ba ya buƙatar dogari ya tsaya masa a baya.

Saboda haka ina kira ga masu wa'azinmu, na masallaci da na coci, da matasan da ke yaɗa gutsattsarin bidiyo a waya. Kafin ka ce za ka rushe hujjar wani, ka iya faɗinta yadda shi da kansa zai ji ya ce haka ne, abin da nake nufi ke nan. Ka yi wa'azinka, ka kafa hujjarka, kada ka rage komai daga imaninka. Amma idan an tashi daga zama, a bar abokin gardama ya koma gidansa lafiya, ya kwana cikin iyalinsa, abin da Musa ɗan Nahman bai samu ba a ƙarshen rayuwarsa.

A nan za mu dasa aya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.